Karambanina da kunnuwan jita

Ina da wani ciwo da ban cika faɗarsa a bainar jama'a ba: na fi son kwance jitata a kan kaɗa ta. Jitar bes ce mai tsirkiya huɗu, jikar wadda Leo Fender ya fito da ita a 1951, kuma tun da ta shigo hannuna ba ta taɓa samun sakat ba. Da yatsuna sun yi tuntuɓe, ba su nake zargi ba, sukudireba nake lalube.

Kwanan baya na yanke wa kaina hukunci cewa abin da ya hana ni zama gwani shi ne amon jitar bai yi zurfi ba. Tsirkiya mafi kauri a bes ta yau da kullum ita ce E, kaurinta wajen inci 0.105, tana girgiza sau 41 a daƙiƙa. Ni kuwa na kafe sai B da ke ƙasa da ita, mai inci 0.130, mai girgiza sau 31, irin wadda Anthony Jackson ya sa aka ƙera masa bes mai tsirkiya shida saboda ita a shekarun 1970. Mai hankali kuɗi zai tara ya sayi mai tsirkiya biyar. Ni na ce wace asara, ba ga magagari a gida ba?

Kowane kunnen da ake murɗawa yana da sanda mai tsaga a kai da rami a tsakiya. A ramin ake zura siririn bakin tsirkiya, a lanƙwasa ta cikin tsagar, sannan a naɗe. Tsirkiyar B da na sayo ta fi jitar tsawo, don haka wurin mai kauri ne ya iso sandar, ya ce atafau ba zai shiga ba. Na goge tsagar har ta buɗe baki, na cusa, na murɗa. Sandar kuwa 'yar siririya ce mai inci 3/8, lanƙwasar ta yi wa tsirkiya tsanani, wayar cikinta ta ce ɗas! Ko sau ɗaya ban kaɗa ta ba.

A nan ya kamata mutum ya tsaya. Sai na sayo manyan kunnuwa masu sandar rabin inci, waɗanda ke son rami mai faɗin inci 11/16, alhali nawa milimita 14 ne. Masu sana'ar a hankali suke faɗaɗa irin wannan rami, da ƙarfe mai tsini da ake juyawa da hannu. Ni injin huda na aro wurin maƙwabci. Katakon ya ɓantare ta baya, garin neman gira na kusa rasa ido.

Da na kai wa kafinta ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Na ce wani yaro ne. Ya ce kada in ƙara ba shi. Na ce in sha Allahu.

Bayan nan sai da aka faɗaɗa gurbin tsirkiyoyi a ɗan ƙashin da suke hawa a wuya, aka kuma sake saita ƙarfen cikin wuyan. Yanzu B tana nan daram. Sai dai 'yar lasifikata ba ta iya fitar da ita, gurnani kawai take yi tana girgiza kwanukan maiɗakina, kuma waƙoƙin da na iya ba wadda ke bukatarta. Sababbin kunnuwan ma sun yi nauyi, da na sake wuyan sai kan jitar ya yi ƙasa. Na ji kamfanin Hipshot na Amurka yana yin marasa nauyi na alminiyam, har na yi oda. Rabin kuɗin na faɗa a gida.