Malam Mai Shakka, Matso Kusa

Na san kana nan. Da ka ga an ambaci nakasassu da jami'a a layi ɗaya ka taɓe baki, ka ce, "To fa, 'yan boko sun samo wata sabuwa. Masu ido biyu da ƙafa biyu ma sun gama digiri suna tuƙa A-daidaita-sahu, ina ga makaho?" Sannu da hikima, Malam. In da rashin aiki na hana karatu, da kai za ka fara cire naka ɗan daga makaranta, amma jiya-jiya aka gan ka a layin banki kana biya masa kuɗin rajista, kana gumi kana murmushi.

Bari mu fara da doka, tunda na lura kana ƙaunarta duk ranar da maƙwabci ya ci maka iyakar fili. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa nakasassu bambanci. Wanda ya karya ta, in mutum ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. In kamfani ne ko ma'aikata, naira miliyan 1. Dokar ta ba duk ginin da jama'a ke shiga shekara biyar a gyara shi yadda mai keken guragu zai shiga da kansa. Ƙirga da yatsunka: wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. To wanda doka ta tanadar wa kujerar ofis, a ina kake so ya samo takardar zama a kanta, a bakin masallacin Juma'a?

Ga Hajiya can ta ɗaga hannu. Ita zuciyarta fara ce tas. Ta ce, "Haba ɗan nan, mu nan ba mu san wulaƙanta nakasasshe ba. In laccar a saman bene take, ai abokansa sa ɗauke shi, su sami lada." Allah ya saka da alheri, Hajiya. Amma zo ki tsaya a gindin matakalar da ƙarfe takwas saura na safe. Samari biyu sun kama keken ta gefe, ɗaya ya tallafe ta baya, mai keken ya ƙanƙame hannun kujera yana salati a zuci, ana hawa ana haki, ana "kai, riƙe da kyau!" Littafinsa ya zame ya gangaro, wata ta tsinta ta biyo su. Kafin su kai hawa na biyu malam ya rufe ƙofa. Gobe abokan sun makara, jibi suna da tasu laccar a wani gini. Yanzu ki mai da mai keken nan 'yarki budurwa, ki faɗa mini samarin gidan wa kike so su riƙa cicciɓarta safe da yamma har shekara huɗu. Na ga kin gyara mayafi. Kuma ban kai ki banɗaki ba tukuna, inda ƙofar ba ta cin keke, har wasunsu kan ƙi shan ruwa tun asuba don kada fitsari ya matse su a makaranta.

Wani wurin an yi gangarar siminti don a fita kunyar masu bincike, sai dai ɗan kwangilar ya miƙe ta tsaye kamar hanyar hawa Dala. Ƙa'idar magina ita ce duk tsayin mita 1 a ba shi shimfiɗar mita 12. Abin da ya gaza haka, mai keke ba ya hawa, in kuma ya sauko sai dai a tare shi a bakin titi.

Yanzu kai, Dakta, Allah ya ƙara sani. Na ji ka a ɗakin shan shayin malamai kana cewa, "In aka ba shi ƙarin lokaci an cuci sauran. Jami'a ba gidan rabon sadaka ba ce." Maganarka ta biyu na sa mata hannu da tambari. Babu wanda ya roƙe ka maki. Amma ka taɓa tsayawa ka kalli makaho yana rubutu? Allonsa ƙarfe ne ko roba mai murfi, ana maƙale takarda mai kauri a tsakani, yana huda ta da ɗan tsinke, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kowane harafi daga cikin ɗigo shida ake haɗo shi, tsarin da Louis Braille, yaro makaho Bafaranshe, ya ƙirƙiro a 1824 yana ɗan shekara 15. Daga dama zuwa hagu ake hudawa, harafin a juye, don in an kife takardar a shafa ta daga hagu zuwa dama. In yana so ya duba abin da ya rubuta sai ya buɗe allon, ya ciro takardar, ya juya, ya shafa, ya mayar, ya laluba inda ya tsaya. Sauran ajin da ƙiftawar ido suke waiwayar layi. Shafi ɗaya na bugun inji kan ci shafi biyu ko uku a wannan rubutu. Ƙarin lokacin nan duk a hudar takarda yake ƙarewa. Amsar da babu ita a kansa kuwa, ko kwana ka ba shi ba za ta fito ba.

In kana ganin ni ne mai sanyin zuciya, tambayi JAMB, wadda duk Najeriya ba wanda ya san ta da kyautar maki. Tun 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola. Ana tara makafi a wasu cibiyoyi, Kano na ciki, a karanta musu tambayoyi su amsa da kayan rubutunsu, hukumar ta ɗauki nauyin masauki da abincinsu, har da na 'yan jagora. Sun ci wannan sun shigo, sai a ajinka ne za su maƙale?

Kuma tunda mun zauna, Dakta, kada ka ji haushi. Ka tsaya a gaban allo kana "wannan ka haɗa da wancan, sai ya ba ka wannan." Makaho ya ji "wannan" sau uku, bai san ko lamba ba ce ko sunan gari. Ka ambaci abin da alli ke rubutawa, shi ke nan. Sannan ka juya wa aji baya kana ci gaba da bayani, mai ƙarancin ji da ke bin motsin leɓenka ya koma kallon ƙeyarka. Handawut ɗinka kuma, wanda tun kana matashin lakcara ake ɗaukar hotonsa ana sake ɗauka har ya yi duhu, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta iya haƙa shi. Akwai NVDA a kwamfuta, kyauta ce, akwai TalkBack a wayar Android, amma rubutu suke karantawa. Tura masa asalin fayil ɗin. Ilimin ba zai ragu ba.

Kurame nasu ya fi tsada, gaskiya ɗaya ce, don tafinta albashi yake ci. Maganar hannu da ake yi a kasuwannin Kano daban take da wadda ake koyarwa a makaranta, wadda tushenta na Amurka ne, Andrew Foster ya kawo ta a 1960. Saboda haka kada wani ya jawo ɗan unguwarsu da ya iya nuni da hannu ya ce ya samo mai fassara lissafi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana yaye masu wannan aiki, Jami'ar Ilorin kuma tana da cibiyar tallafa wa kurame.

Na dawo kanka, Malam mai shakka, kai da ka ce sabuwa ce ta 'yan boko. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, yana kiran salla a Madina, an sha bar masa riƙon garin, kuma ka san surar da ta sauka a kansa. Ɗaha Husaini na Masar ya makance tun yana yaro, ya yi digirin dakta, ya zama ministan ilimi a 1950. Aliyu Namangi mai Imfiraji makaho ne, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Zage-zagi dai an yi abin kai, mun yaba sau ɗaya, kada a saba. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take, ta girmi jami'o'in Arewa gaba ɗaya. Jami'ar Bayero ta yi farfesa makaho, Jibril Isa Diso. Ina sabuwar take?

Ku kuma ɗaliban, na ga kuna dariya kuna tafi. Ku dakata, naku na zuwa. Ƙanina, kada ka ɓoye lalurarka zango guda, sai ranar jarrabawa ka iso kana cewa a buga maka tambayoyi da manyan baƙaƙe. Jami'in jarrabawa ba boka ba ne. Tun makon rajista ka kai takardar likita, ka rubuta abin da kake buƙata, ka ajiye kwafi. Jami'o'i da yawa sai ka halarci kashi 75 na lacca kafin ka zauna jarrabawa, kuma sandarka ba ta shafe wannan. In an ba ka mai rubuta maka, abin da bakinka ya furta zai rubuta, ba ya ƙara gishiri, ba ya tuna maka shekarar da ka manta. Wanda aka kama da satar amsa, a keke yake ko a tsaye, kwamiti ɗaya zai gurfana. In ka faɗi kwas, ka faɗi, ka maimaita kamar kowa. Kada ka bi Dakta ofis da muryar tausayi, don shi ne abin da ke ba Malam mai shakka hujja.

Saura ranka ya daɗe shugaban sashe, da amsarsa da ba ta tsufa: babu kuɗi, kuma su nawa ne ma? Su nawa ne kuwa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, a 2006 kaɗai cutar ta kama yara sama da 1,000 a ƙasar nan, akasarinsu namu. A Agustan 2020 aka tabbatar mun rabu da asalin ƙwayar cutar, amma yaran can suna nan, yau sun kai shekara ashirin, shekarun shiga jami'a ke nan. Ka ƙara da haɗarin babur na kowace rana da masu sikila. Na yarda lif na son kuɗi da wuta, injin buga rubutun makafi ma haka. Amma sauko da lacca daga hawa na biyu zuwa ƙasa biro kawai yake ci, haka ware ɗakin kwana na ƙasa kusa da famfo, haka barin kujerar gaba ga mai ƙarancin gani ko ji. Jadawalin zango mai zuwa yana kan teburinka, ranka ya daɗe. Kafin ka sa hannu, ka aika a tambayo ajin da ke da mai keke.