Bazazzage, Ajiye Wutar Waldar Nan

Bawana Bazazzage, labari ya iso Kano cewa barci ya ƙaurace maka. Wai tsohuwar Peugeot 504 ɗinka ta goga ciki a tudun rage gudu, kwanson giyabos ya ɗan ƙurje, har ka aika a kira mai walda. Ƙurjewar da ba mai ganinta sai bakaniken da ya shiga rami, sai kuma ƙadangarun gidanka!

Kullum kuna cika mana baki wai ku ne garin ilimi, kuna da jami'a tun 1962. To duk malaman nan ba wanda ya gaya maka kwanson nan alminiyam ne, ba baƙin ƙarfe ba? Baƙin ƙarfe yakan yi ja ya gargaɗe ka. Shi kuwa alminiyam ba ya sauya launi, da zafi ya kai wajen digiri 660 sai ka ga ya zube. Ga shi kwanson nan na zubi ne, ya shekara da shekaru yana shan mai. Da wuta ta taɓa shi man zai taso ya cika waldar da ƙananan ramuka, zafin kuma ya iya karkatar da bakin kwanson, ya ƙona robobin da ke tare mai. Garin gyaran gira ka rasa ido.

Zauna ubangidanka ya koya maka. Ka fara wanke wurin da kananzir, ka bi da ruwan sabulu, ya bushe. Kada rowarka ta sa ka ɗauko sodar haɗa sabulu ta uwargida, cin alminiyam take yi. Sai ka barbaɗa garin alli, ka je Samaru ka dawo. In layin mai ya fito a kan allin, tsagewa ce, a sauke giyabos a kai wa gwanin walda mai iskar agon. In alli ya zauna fari tas, ciwon na fata ne kawai.

In na fatar ne, ka rage kaifin wurin da magagari, a hankali, ba irin yadda kake far wa tuwon biki ba. Ka bi da samfefa mai lamba 180, sannan 400, ka ƙare da 600 da ɗan ruwa. Buroshin baƙin ƙarfe kuma ka nisance shi, ɓurɓushinsa zai maƙale ya yi tsatsa. In akwai ɗan rami, gam mai haɗi biyu irin J-B Weld ya isa. Ka cike, ka bar shi ya kwana, ka goge, ka fesa fenti ruwan azurfa.

In kuwa taurin kan Zagezagi ya motsa ka ce sai wuta, bismilla. Kasuwar Ƙofar Ruwa tana nan, za mu sayar maka da giyabos ɗan Kwatano. Sai dai ka zo da guzuri, don farashin bayi daban yake.