Alhaji, Ba Wanda Ya Biyo Su

Na san abin da za ku ce tun kafin in kai ƙarshen jimlar farko, don haka bari in faɗa da bakina ku huta. Babban mutum, da gemunsa da iyalinsa, ya zura gajeren wando ya fito titi a guje, ba kare a bayansa, ba mai bin bashi, ba gobara? A wurinmu in aka ga haka tambaya ɗaya ce: "Malam, lafiya?" In ya ce lafiya lau, a nan ne hankali zai tashi, a shiga neman lambar wayar 'yan'uwansa. To, Alhazan majalisa, ku gyara zama a kan bencin nan. Labarin wasu masu gudu na Ingila na kawo muku, kuma ina roƙon ku tanadi dariyarku, domin za ku buƙace ta a gaba, wataƙila a kan kanku.

Sunan ƙungiyar GoodGym. Wani matashi mai suna Ivo Gormley ya kafa ta a 2009, a unguwar Tower Hamlets da ke gabashin Landan. Abin da ya ci masa rai shi ne gidajen motsa jiki. Mutane su biya kuɗi duk wata, su shiga ɗaki mai madubai, su ɗaga ƙarfen da ba wanda ya ce musu ya tare hanya, su mayar da shi daidai inda suka ɗauko shi. Su hau na'ura su yi ta gudu har gumi ya jiƙa riga, su sauko suna nan inda suka hau. A bayan ginin kuwa ga tsoho shi kaɗai a ɗaki, ba mai sayo masa ko jarida. Shi Gormley da haka ya fara: yana kai wa wani dattijo jarida a guje, ya ɗan zauna su taɓa hira, ya juyo gida a guje.

Na ga Alhaji ya gyaɗa kai. "Ka ji ko? Shi ma Baturen ya yarda wahalar banza ce." Ranka ya daɗe, a wannan gaɓar kai da shi bakinku ɗaya, har ma zan ƙara maka makami. Kakar na'urar gudun nan a kurkuku aka haife ta. Wani injiniyan Ingila, William Cubitt, ya ƙera ta a 1818 domin horon fursunoni: wata doguwar gargara ce mai matakala, a jera mutane su yi ta takawa tana juyawa. A kurkukun Brixton ma da ita ake niƙa hatsi. Wato ɗan sarƙa na wancan zamani guminsa yana fitar da gari, attajirin yau kuwa shi ke biya a ba shi irin horon, kuma ko cokali ɗaya na gari ba ya fita. Yi dariyarka, Alhaji, wannan ka ci ta halak.

Amma ka tsaya ka ji abin da suka yi da gumin. Ranar da aka sa, bayan an tashi daga aiki, sai su haɗu a wuri ɗaya sanye da jajayen rigunansu. A faɗi sunaye, a ɗan miƙe gaɓoɓi, jagora ya ce yau lambun unguwa za a nufa, an jibge musu taki a bakin ƙofa ba mai kwasa. Sai a kama hanya. Akwai wanda aikinsa kawai ya tsaya a ƙarshen layi tare da mafi nauyin jiki, don kada a bar kowa a baya yana haki shi kaɗai. A lokacin hunturu, da yake rana kan faɗi a Landan tun wajen ƙarfe 4 na yamma, da fitila ɗaure a goshi ake aikin. Wannan ya riƙe shebur, wancan ya tura baro, wata tana ciro ciyawa, wani yana ta tambayar inda aka ajiye safar hannunsa. Wajen rabin awa ko fiye kaɗan, a tattara kaya, a ɗauki hoto, a dawo a guje. Duka-duka awa ɗaya da rabi. Wani makon kuma fentin ɗakin taro ne, ko jera kayan abinci a wurin da ake raba wa mabuƙata, ko tsince shara a bakin ruwa.

"Rabin awa?" in ji Alhaji. "Ai ko zama ban gama gyarawa ba." Ɗauko alƙalami, ranka ya daɗe, tunda lissafi sana'arka ce. Mutum 20 a minti 30, awa 10 ke nan na aikin mutum ɗaya. Lebura ya wuni cur bai kai haka ba, kuma shi sai ka ba shi kuɗin abinci, ku rabu ana cacar baki a kan ciko.

"To me ya hana su hau mota, su isa da ƙarfinsu su yi aikin da kyau?" Tambaya ce ta masu hankali, kuma a nan dabarar take. Mutumin birni lokacinsa ƙanƙane ne. In ka ce ya ware yamma ɗaya don motsa jiki, wata yammar don taimakon jama'a, ɗaya zai ɗauka, galibi ma ya bar duka biyun ya kwanta da waya a hannu. Da aka cusa su cikin awa ɗaya da rabi, uzuri ya ragu. Mai son rage tumbi ya zo don tumbinsa ya tarar da shebur. Mai son lada ya zo don lada ya koma da numfashi mai kyau. Kuma wanda gudu ya fi ƙarfinsa an ce ya zo da tafiya ko da keke, ba a kore shi ba. Saboda haka Hajiya da ke can gefe tana cewa "ni da girmana in kama sheƙawa a titi," an riga an toshe wannan ƙofar.

Akwai kuma ƙananan ayyuka na cikin gida, waɗanda mutum biyu ko uku ke zuwa yi wa tsofaffi. Ƙwan lantarki ya mutu, mai gidan ba ta iya hawa kujera. Ciyawa ta cinye bayan gida. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na gado. An sallami tsoho daga asibiti, amma ba zai koma gida ba sai an kafa masa gadon jinya a falo, falon kuwa cike yake da kujeru da kabad. Ba mai ɗagawa. Sai ya ci gaba da kwanciya a asibiti, wani marar lafiya yana jiran gadon. Samari biyu su iso a guje, su ja kabad, su matsar da kujeru, cikin ɗan lokaci ɗaki ya buɗe. Kai saurayi mai ɗaga ƙarfe a gaban madubi, da ke murɗa damtse kana cewa wannan ba atisaye ba ne, gwada sauko da tsohon kabad na katako daga bene tukuna, gobe da safe ka zo mu yi maganar.

Yanzu ga inda na fi so ku kasa kunne. Ƙungiyar kan haɗa mai gudu da tsoho ko tsohuwa mai zaman kaɗaici, ya riƙa kai ziyara duk mako. Ba a tura kowa haka kawai: sai an binciki tarihinsa a hukuma, an tabbatar ba mai laifi za a aika gidan mai rauni ba. Kuma a tsarinsu tsohon ne koci, shi ke sa mai gudun fitowa. Ku duba hikimar. Kowa a nan ya taɓa yi wa kansa alkawarin fara motsa jiki "daga Litinin". Litinin nawa ta wuce? Alkawarin da mutum ya yi wa kansa ba shi da mai shaida, saɓa shi ba ya sa a sunkuyar da kai. Amma a ce dattijuwa 'yar shekara 85 ta san ranar Laraba kana tafe, ta ɗora ruwan shayi, tana leƙen taga. Ana yayyafi, jikinka ya mutu, gado yana kira. Za ka tashi. Nauyinta za ka ji. Abin da likita ya faɗa ka share, abin da madubi ya nuna ka kau da kai, kunyar tsohuwa ta sa ka ɗaura takalmi. Wa ya fi Bahaushe sanin ƙarfin kunya? Mu da ke zuwa ɗaurin auren ɗan wanda ba mu shiri da shi don kada a ce ba a gan mu ba.

Hajiya ta tafa hannu. "Allah Sarki! Sai an kafa ƙungiya an cike takarda kafin a gai da tsoho? Ina 'ya'yansa? Ina jikoki? Ina maƙwabta?" Hajiya, maganarki dutse. Abin ya kai mutanen Birtaniya inda a Janairun 2018 gwamnatin Theresa May ta ɗora wa minista, Tracey Crouch, alhakin yaƙi da kaɗaici, bayan rahoton kwamitin da ke ɗauke da sunan marigayiya 'yar majalisa Jo Cox. Ƙasa guda da ministar kaɗaici! Ban hana ki jinjina kai ba. Amma tunda kin ɗauko zancen, Gwaggo da ke can cikin gari fa, yaushe rabonki da ita? Kada ki ce kin tura mata hoton fure mai "Juma'a Mubarak", wayarta ba ta buɗe hoto. Babban ɗanta yana Abuja, na biyun yana Legas, 'yar autar tana aure a Kaduna, kowa yana turo kuɗi ta banki yana jin ya sauke farilla. Su ma Turawan ba dare ɗaya suka wayi gari a haka ba. Aiki ne ya kwashe 'ya'ya zuwa wasu garuruwa, gidan gandu ya watse, kowa ya ja ƙofarsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kin san sauran.

"Mu ai muna da gayya tun kaka da kakanni," in ji wani daga ƙarshen benci. Muna da ita, wallahi, kuma tamu ta fi tasu armashi, don tamu da makaɗi da fura. A yi shela, samari su fito da fartanya su nome gonar wanda ya gaza, ko a taru a yaɓe masallaci kafin damina. To amma kai mai maganar, wace shekara ka riƙe fartanya ta ƙarshe? A Kano an ware safiyar Asabar ta ƙarshen wata don tsaftar muhalli, har a tsayar da zirga-zirga. Me akasarinmu ke yi da ita? Ramuwar barci. In ƙarfe 10 ta yi a fito ana miƙa, a tsallake kwatar da ta toshe da ledar fiya wata, a shiga mota. Watan Agusta ruwa ya shigo ɗaki, a ce gwamnati. Zagezagi kada ku yi murmushi, na ga taku kwatar.

Malam kuma ya yi gyaran murya: aikin lada da ɗaukar hoto, anya ba riya ba ce? Allah gafarta Malam, niyya tana zuci, ni da kai ba mu da na'urar auna ta. Abin da ido ke gani shi ne takin ya shiga lambu, ƙwan lantarki ya kama. Kuma kai ka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Ban ji inda ka ce ladan yana raguwa in mai kawarwar yana haki ba.

In kuna son suka mai tushe, ni zan ba ku. Gudun sa-kai ba zai maye gurbin ma'aikacin jinya ba, ba zai gina magudanar ruwa ba, kuma hukuma mai wayo tana iya laɓewa bayan 'yan sa-kai ta zame daga aikinta. Ziyarar mako-mako ma ba ta kai ɗa na cikinka ba. Duk gaskiya ne. Sai dai tsohuwar da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa ranar Laraba ba ta ce a dakata sai an gyara tsarin ƙasa ba. Kuma abin bai tsaya a Tower Hamlets ba, ya bazu zuwa Bristol da garuruwa da dama na Birtaniya. A Suwidin ma, tun 2016 wani mai suna Erik Ahlström ya fito da gudu ana tsintar shara a Stockholm, jaka a hannu, ana sunkuyawa ana miƙewa, har wasu ƙasashe suka ɗauka.

Saura kai, Alhaji, da ka ce kana motsa jiki isasshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗan ɗaga numfashi. Masallacin da kake zuwa a mota ga shi can ana hango hasumiyarsa daga nan. Ɗaga kofin shayi ba ya cikin lissafi, haka ma musu a kan Arsenal. Maganin hawan jini kuwa yana aljihun gaba, na ga kwalin.

Ba wanda ya ce ka sa gajeren wando, dogon ma yana gudu. Ba wanda ya ce ka fita da tsakar rana a zafin Afrilu, bayan sallar asuba gari da sanyi. Zumunta a ƙafa take, ku kuka koya mana, ba a kuma ce ƙafar ba ta sauri ba. Ga ciniki: ranar Asabar, mutanen bencin nan duka, a taka da ƙafa zuwa gidan Gwaggo, mai iya sassarfa ya yi, a yashe kwatar ƙofar gidanta, a sha kunu a dawo. Ni zan zo da shebur biyu. Uzurin ciwon gwiwa kuma ba ya karɓuwa sai da takardar likita, likitan kuwa shi zai fara cewa ka fito.