Alhaji, Ɗanka Ƙirga Yake Yi Ko Waƙa?

Na san halinku. Kafin in rufe baki wani ya riga ya taɓe nasa: wai lissafi ga yaron da ko mazugin wandonsa bai iya ɗaurewa ba? Can gefe kuma Alhaji ya gyara zaman babbar riga yana murmushi, don nasa ɗan mai shekara huɗu yana zubo "wan, tu, tiri" har ɗari ba ko numfashi, kuma duk baƙon da ya shigo gidan sai an kira yaron ya yi masa. Da ku biyun nake, amma Alhaji zan fara taɓawa, tunda shi ya biya kuɗin nazare.

Ranka ya daɗe, yau da daddare a zuba gyaɗa a faranti, ka ce wa yaron, "Ba ni huɗu." Ban da taimako da ido, don na san ka. In ya damƙo cike da hannu ya miƙo maka, kada ka ce za ka je wurin malamarsa da safe. Ko ka jera masa dabino biyar ya ƙirga, ya kuma ƙirga daidai, sannan ka ce, "To nawa ke nan?" Sai ka ga ya koma kan na farko ya sake kama waƙarsa. Bai gano ba tukuna cewa lambar da ya tsaya a kanta ita ce amsar. Wasu masana biyu a Amurka, Gelman da Gallistel, sun baje wannan magana a littafinsu na 1978. Cikin ƙa'idojin da suka kawo akwai cewa kowane abu lamba guda yake ɗauka, ba tsallake ba maimai; lambobin su riƙa zuwa a jeri ɗaya kullum; ta ƙarshe kuma ita ce jimla. Ɗanka ya kama ta biyu da kyau, ba a hana shi ba. Ta ukun ce ba ta shiga da haddar baki, sai da yatsa a kan abu.

Malam mai taɓe baki, na ga kana dariya, to sauko kanka. Ka ce ku ba ku yi rabin aji ba, kuma ba a taɓa cutar ku a kasuwa ba. Ai kun yi, a tsakar gida kuka yi shi, kuɗin makaranta ne kawai ba a karɓa ba. Wa ya tsuguna a gindin bishiya yana kallon manya suna dara, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu? Yayarka da ke carafke, tana kwasar duwatsu ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, me kake zaton take koyo? Ranar da Inna ta raba ƙosai ta ba ƙanenka uku kai biyu, wa ya yi birgima a ƙasa? Wannan birgimar ita ce jarrabawarka ta farko, kuma ka ci.

Harshen kansa ma malami ne, mu ne muka raina shi. Yaron da ya ji "goma sha ɗaya" an riga an kwance masa ƙullin: ga goma, ga ɗaya a kanta. Ɗan Alhaji kuwa "ilebin" aka ba shi, dunƙule, babu goma a ciki babu ɗaya. Tsofaffinmu in za su ce 19 sai su ce ashirin ba ɗaya, wato ragi a cikin sunan lambar. Kakannin da kuke ganin ba su yi boko ba, kafin naira ta zo a 1973 da kwabo goma sha biyu suke haɗa sule, da sule ashirin suke haɗa fam, kuma ba su rasa canji ba. Je ka Maraɗi yau, yarinya mai talla za ta ce maka dala ashirin, tana nufin sefa ɗari, ta ninka da biyar tana tauna cingam, kai kana laluben waya.

Sai Hajiya, wadda ta ce a bar yaro ya yi wayo tukuna. Hajiya, ai da wayonsa ya zo. A 1992 wata masaniya, Karen Wynn, ta nuna wa jarirai 'yan wata biyar 'yartsana ɗaya, ta kare ta, ta ƙara wata a gabansu. In an buɗe suka ga guda ɗaya tak, sai su daɗe suna ƙura ido, kamar mai cewa ina ɗayar? Gaskiya ne, wani masani, Piyaje na Suwizalan, ya nuna in ka jera abubuwa layi biyu daidai wa daida, ka baza ɗaya ya yi tsawo, ƙaramin yaro zai ce mai tsawon ya fi yawa. Amma a 1967 wasu suka sake gwajin da alawa, aka ce kowa ya ɗauki layin da yake so ya shanye. Nan fa da yawansu suka miƙa hannu ga gajeren layin da ya fi yawa. Ashe in maganar ciki ce, ba a yi musu wayo.

Saboda haka in kun leƙa aji kuka tarar da malama ta baje murafen kwalba da tsakuwa, yara suna ta rabawa suna gardama, kada ku ce an sa 'ya'yanku wasan banza da kuɗinku. Ni ajin da ke ba ni tsoro shi ne mai shiru, inda ɗan shekara uku ke kwafar 1 zuwa 50 a littafi, hannunsa na rawa, ya kawo gida a sa masa hannu.

Alhaji, ina jiran sakamakon gyaɗar. Sai dai ka ƙirga ta kafin ka miƙa farantin, don na ga yadda kai ma kake da ita.