Masu Sayen Sukudireba, Daga Bodinga Zuwa Shagari

A kan titin da ya baro Sakkwato ya ratsa Bodinga, ya wuce mararrabar Yabo, ya bi ta Shagari ya miƙe Tambuwal, da wuya ka rasa mutumin da ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera filaya da sifana da kwaɗo da salatif, da sukudireba launi-launi. Haja ce marar hayaniya, ba irin ta mai maganin basir da lasifika ba. Amma ka ja benci kusa da shi ranar kasuwa, kafin azahar ka ga mutane iri-iri.

Wanda ya fi yawa shi ne mai ƙidaya. Idonsa na kan akwatin robar nan mai haske, wanda aka jera wa ƙananan kawuna sahu-sahu.

"Wanga guda nawa na ciki?"

"Talatin da biyu, Alhaji."

"Wancan hwa?"

"Shida."

"Kuma kuɗɗinsu ɗai?"

Magana ta ƙare. Alhaji ya rungumi talatin da biyu yana murmushin wanda ya ci riba. Sai ya isa gida ya tarar yawancin kawunan na wasu sukurori ne masu kusurwa shida da masu kusurwa uku, waɗanda ko jikokinsa ba lalle su haɗu da su ba. Ɗayan da yake bukata, wato sita mai lamba PH2 da ke shiga sukurun fanka da soket da hinjin ƙofa, ɗanyen ƙarfe ne. A sukuru na uku bakin ya lanƙwashe, ya kuma cinye kan sukurun ya mai da shi rami. Yanzu fankar ba ta kwantu ba, ba ta ɗauru ba, ga zafin Afrilu na Sakkwato. Araha ba ta ado, sai dai akwatin ya yi kyau a saman kabad.

Mai gwaji shi kuma ba ya gaggawa. Zai tsuguna, ya ɗaga sukudireba sama yana karanta jikinta har ya gano Cr-V, ya yi wa jama'a bayanin cewa ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam da banadiyam don ya yi tauri. Zai riƙe ƙota da hannu ɗaya, ya kama ƙarfen da filayar mai haja, ya murɗa ya ji ko ƙotar za ta juya ita kaɗai. Zai nemi ƙusa ya gwada maganaɗisun bakin. In ya samu magagari, zai goga kaɗan: in ta ci ƙarfen da sauƙi, ya girgiza kai. Ni dai ban ga laifinsa a nan ba, domin Cr-V kowa na iya bugawa a jikin ƙarfe, magagari kuwa ba ta karanta rubutu. Laifinsa ɗaya ne: bayan ya gwada guda tara, ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce zai dawo bayan la'asar. Mai haja ya san wace la'asar ake nufi.

Sai Baba tsohon direba, wanda ya yi zamani da Fijo 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Shi ba saye ya kawo shi ba, ta'aziyyar ƙarfe ya zo yi. Zai zaro tasa daga aljihun 'yar-shara, mai ƙotar itace da ta yi baƙi don maiƙo, ya ce ta Jamus ce, kuma tun mulkin Shagari take hannunsa. A garin Shagari kuwa wannan magana ba ƙaramin hatimi ba ce. Tsakanin 1979 da 1983 ɗan garin ne ke mulkin ƙasa, don haka duk abin da aka saya a lokacin ya gaji albarka. A wajen Baba, duk abin da ya fito daga China kwano ne, sita kuma bidi'ar yaran zamani ce. Ba mai iya gaya masa cewa sita ta girme shi: tun 1936 kamfanin General Motors na Amurka ya fara ɗaure motar Cadillac da sukurun Henry Phillips. Ba mai iya gaya masa kuma cewa a China akwai na kirki akwai na banza, ɗan kasuwa ne ke zaɓar wanda kuɗinmu zai kai. Ita ta Jamus ɗin, maƙera sun wasa bakinta har ya koma tsinke, babu sukurun da take kamawa. Amma ba ta taɓa karyewa ba, wannan gaskiya ne.

Bakaniken kabu-kabu daban yake. A hannunsa sukudireba kurfi ce, madogarar ɓanɓare taya ce, abin motsa fenti ce, wani lokaci ya ɗora bakinta a jikin injin Boxer ya kara kunne a ƙota yana sauraron ciwon da ke ciki. Shi ya sa tambayarsa ɗaya ce tak: "Tana ɗaukar guduma?" Yana nufin irin wadda ƙarfenta ya ratsa ƙota har ya fito ta baya da hular ƙarfe. In aka ba shi mai ƙotar roba zalla, duka biyu ta tsage, gobe ya dawo yana cewa an cuce shi. Tsofaffin cikinsu sun san wani abu da yaran shago ba su sani ba: sukurun baburan Japan, mai ɗan ɗigo a gefen kai, yana kama da sita amma yankansa daban ne, sita ta gama-gari zamewa take yi a cikinsa. Yaron shago zai danne da ƙirji yana nishi. Oga zai kalle shi kawai, ya miƙa hannu a ba shi ta duka.

Manomin rani na bakin madatsar ruwan Shagari bai da dogon zance. Falat siririya ɗaya yake so don kaburetar injin ban-ruwa, kuma zai huda ƙotar ya ɗaura mata igiya a jikin injin, don ya riga ya binne biyu a cikin laka.

Mai testa kuwa a aljihun gaba yake saƙala ta, kusa da biro, don a gani. Unguwa duk Injiniya ake ce masa. Testa an yi ta ne don ta nuna akwai wuta ko babu, ka ɗora yatsa a bayanta ɗan ƙwan ciki ya yi ja. Shi kuwa da ita yake ɗaure komai har bakin ya karye. Babbar matsalarsa wajen saye ita ce gwaji: ya cusa ta a soket ɗin mai cajin waya, ba ta kawo haske ba, an rasa wanda zai ce testar ce matacciya ko NEPA ce ta ɗauke.

Akwai wanda ba ya zuwa gaban buhun ko kaɗan, don yana da wuƙar ɗakin girki. Kowace wuƙa a gidansa bakinta a karye yake. Uwargida ce ke turo yaro da kuɗin cefanen da ta rage: "Inna ta ce a ba ni abin kwance rediyo, wanda Baba ba ya iya lanƙwasawa."

Can kuma, sai ga wani ya zo shiru, ya ciro sukuru daga aljihu, wanda ya kwanto daga abin da zai gyara. Ya dinga sa bakin sukudireba a kansa ɗaya bayan ɗaya har ya samu wadda ta zauna daram ba ta rawa, ya kifa ta ƙasa sukurun bai faɗo ba. Ya ɗauki sita biyu, PH1 da PH2, falat babba da ƙarama, duk masu baƙin baki da ƙota mai kauri da ke cika hannu. Ya yi ciniki kaɗan ya biya. Mai haja ba ya murna da irinsa sosai, don ya san sai an shekara biyar bai sake ganinsa ba.

Sai dai wani ya gan shi. Mai aro yana zaune a rumfar mai shayi tun safe, bai taya komai ba, amma ya san abin da kowa ya saya. Kafin magariba ya yi sallama.

"Maƙwabci, an ce ka yo sabbin kayan aiki. Allah shi sa albarka. Ɗan ara min sitar nan, yanzu-yanzu in maido."

Bayan sati uku aka aika yaro karɓowa. Ya dawo da falat mai koriyar ƙota wadda ba ta gidan ba ce, da saƙon cewa sitar tana Dancadi wurin ƙanin matarsa, amma in ana sauri, ga wannan a fara riƙewa.