Rikicin Gado Mai Bene

A gidajen haya na zamani, irin waɗanda suka cika Hotoro da Rijiyar Zaki a Kano, akwai wani ɗan lungu da magini ya yi niyyar sito da shi, dillali ya raɗa masa suna ɗakin yara, mai gidan ya ƙara kuɗin haya a kansa. In ka shiga ka ware hannuwa, sai ka gaisa da bango biyu lokaci guda. A nan ake so yara uku ko huɗu su kwana, su yi aikin boko, su yi tilawar Islamiyya, su kuma ba buhun shinkafa da tsohon keken ɗinki masauki. Da ƙasa ta ƙi, sai aka ɗaga kai aka ga ashe tsakanin kan yaro da silin akwai fili da ake biya wa haya ba a mora. Mafarin gado mai hawa biyu ke nan.

Shawarar yawanci daga wayar uwargida take fitowa. Ta ga hoto a Instagram: gado fari fat, tsani mai sheƙi, 'yan fitilu, da 'ya'yan Turawa biyu suna murmushi sai ka ce ba su taɓa kokawa a kan filo ba. Ta miƙa wa maigida: "Baban Abba, dubi wannan don Allah." Shi kuwa ya san gadon nan tun ba a haifi Instagram ba. Ya yi makarantar kwana. Ya san na ƙarfe mai kuka in an juya, ya san dokar siniya a ƙasa, ɗan aji ɗaya a sama, ba motsi ba tari, in tsautsayi ya sa ka taka zanin gadon siniya wajen saukowa, ranar sai gwale-gwale har asuba. Ranar da ya gama makaranta ya ce shi da kwanan sama haihata-haihata. Yau ga shi zai sayo wa 'ya'yan cikinsa da guminsa, har yana tambaya ko za a iya yi masa fenti shuɗi.

Abin da ba mai tambaya shi ne ina filin gidan ya tafi. Leƙa falo ka gani. Kujeru ne saiti guda, kowace ta isa ƙato ya kwana ya yi juyi, an jere su suna jiran baƙon da ke zuwa Sallah-Sallah, yaro kuwa in ya hau sai an ce zai kashe kushin. Ga teburin cin abinci da kujeru shida, amma tuwo a ƙasa ake cinsa a kan leda. A ɗakin uwargida akwai gado shida-shida mai allon kai har kusa da silin, sai an yi gefe-gefe ake wucewa banɗaki. In gidan mai ɗaki uku ne, na ukun a kulle yake, sunansa ɗakin baƙi, mukullinsa na jakar Hajiya. Baƙon da bai zo ba yana da ɗaki da bayi. Yaran da suka zo tun shekara goma suna da tsani.

Kada a ɗora wa zamani laifi duka. Iyayenmu ma sun yi gadon ƙarfe mai rumfa, a jibga masa katifu da matasai har amarya ta nemi kujera 'yar tsuguno kafin ta hau, ƙarshe ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, gadon ya zauna yana karɓar 'yan ganin ɗaki. Mun daɗe muna sayen gado don idon mutane.

To, an yanke shawara, sai wajen kafinta. Duk hoton da ka nuna wa kafinta amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, wanda ya fi shi ma zan yi maka." Ya karɓi kafin alƙalami, ya ce gobe da sassafe zai shiga 'Yan Katako a Na'ibawa, sati ɗaya ka zo ka ɗauka. Satin kafinta ba kwana bakwai ba ne, shi ya san tsawonsa. In ka gaji ka je shago, za ka tarar da ƙafafu huɗu a jingine da bango da labari mai daɗi a kan tsadar ƙusa. Mai walda bai fi shi ba, sai dai shi uzurinsa a shirye yake: ba wuta.

Wajen ciniki ake yin ta'asar. Maigida ya matsa a rage kuɗi, kafinta ya duba abin da za a cire ba a gani a hoto ba, sai ya faɗa kan shingen gefe, wato katakon da ke tare yaro kada ya mirgino. "Alhaji, gefe ɗaya ya isa, ɗayan ai bango ne." A Amurka, inda hoton ya fito, tun shekarar 2000 doka ta wajabta shinge a gefe biyu na gadon sama, ya ɗara katifa da aƙalla inci 5, kuma kada a bar giɓin da ya wuce inci uku da rabi, don jikin yaro na iya zurarewa kansa ya maƙale. Suna manna gargaɗi cewa yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a sama. Mu namu gargaɗin a baki yake: "Kai, ka yi hankali fa." Ko an yi shingen ma, sai girman kai ya cinye shi. 'Yar siririyar katifar ɗalibai ce ta dace da sama, amma wa zai bari a ce 'ya'yansa na kwana a kan wannan? Sai a sayo mai inci goma, ta haɗiye shingen ɗungurungum, yaro ya kwanta a tudu ba abin da ke tsakaninsa da siminti sai addu'ar uwarsa.

Ranar kawowa, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, maƙwabta suka fito. Kafinta ya haɗe gadon da ƙusa da gam tun a shago, ba wanda ya auna ƙofa. Mutum takwas suna ba da shawara, biyu suna ɗauka. Bayan an ɓalle ƙyaure an shigar, sai aka tuna da fanka. Tana nan a tsakiyar silin inda take tun farko, yanzu in na sama ya zauna, sai ya sunkuya ko ta yi masa aski.

Duk wannan sharar fage ce. Babban rikicin shi ne wa zai hau sama, kuma a kan wannan gidan na da tsarin mulki uku masu karo da juna. Na likita ya ce ƙarami a ƙasa. Na makarantar kwana, wanda maigida ya haddace da jikinsa, ya ce babba a ƙasa. Na Hajiya Kaka, da ta zo ganin ikon Allah ta riƙe haɓa, ya ce tun da take ba ta taɓa ganin ƙani ya ɗare bisa yayansa na ƙasa ba, ina tarbiyya? Yaya ya ce shi ya riga zuwa duniya. Ƙani ya fashe da kuka, wanda shi ne takardar ƙararsa. Umma ta kawo tsarin karɓa-karɓa, kowa sati ɗaya. Satin farko ya ƙare, Yaya ya nemi tazarce, hujjarsa an ɗauke wuta kwana biyu bai mori mulkinsa ba. Aka ɗaukaka ƙara gaban maigida, shi kuma ya ɗage zama sai bayan labarai. Sharaɗi ɗaya ne kowa ya sa wa hannu ba gardama: mai fitsarin kwance ba ya takarar sama. Na ƙasa ne ya kawo ƙudurin, kuma ya zo da shaida.

Abin dariyar, zafin takarar na hunturu ne. Bari Afrilu ta kama, zafin Kano ya haura digiri 40, kwano ya wuni yana shan rana, iska mai zafi ta taru can kusa da silin. Nan take Yaya zai tuna cewa babba shi ne mai haƙuri, ya bar wa ƙaninsa kujerar. Ƙani ya ce ai ladabi ya hana shi. Ga gidan sauro: na sama an ɗaure shi a ƙusa da igiyar shanya, na ƙasa an cusa shi a ƙarƙashin katifar sama, duk mai saukowa fitsari sai ya taho da ɗaya.

Ban ce gadon ba shi da amfani ba. Yana ba kowane yaro makwancinsa, kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umarnin raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma. Maigida ma ya kawo hadisin, daidai lokacin da ƙaninsa ya tambaye shi nawa ya kashe. Sai dai in yaran mace da namiji ne kuma sun fara tasawa, tsani ba ya maye gurbin bango, maganar dole ta koma kan mukullin nan na jakar Hajiya. A nan ake canza hira.

Bayan wata shida, leƙa ɗakin. Sama ta zama ma'ajiya: jakunkunan Gana-mas-go, bargunan hunturu, kulolin abinci na biki, akwatin lefe da ba a buɗewa. Yaran biyu suna ƙasa a katifa ɗaya, ƙafar wannan a bakin wancan, na uku yana tabarma. Uwargida kuwa an yi suna kwanan baya, har ta samo hoton mai hawa uku, kafinta ya ce ƙaramin aiki ne, sai dai a cire fankar. Maigida ya yi gyaran murya, ya ce ko a rage kujerun falo biyu a sa wa manyan katifa a can.

"Waɗanne kujerun? Baban Abba, kayan ɗakina ne fa. In 'yan gidanmu suka zo suka ƙirga, kai za ka yi musu bayani?"