Ladabin Da Ya Wuce Kima A Zauren Hira

Mai koyon rubuta manhajar sadarwa yakan fara da gina zauren hira, wato tsarin da kwamfuta ɗaya, wadda ake kira saba, take karɓar saƙon kowane mahalarci ta rarraba wa sauran, irin tsarin IRC da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro a Finlan a 1988. Sabar ɗalibi ta farko takan yi kunnen uwar shegu, domin muddin tana sauraron baƙo ɗaya, sauran sai su yi ta kwaɗa sallama babu mai amsawa. Maganin haka shi ne a ba kowane baƙo zarensa, wato wani reshen aiki da ke gudana tare da 'yan'uwansa, sai dai zaruruwan sukan yi wawason jerin sunayen mahalarta har su yamutsa shi, abin da ke tilasta sanya makulli domin a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa zare biyu kowane ya riƙe makullin da ɗan'uwansa ke jira, sai su tsaya cak kamar surukai biyu a bakin ƙofa, kowa yana cewa “bismilla, ka fara”, har wutar lantarki ta ɗauke ta raba gardama.